An Ƙi Ba Ɗan'uwanka Mafaka a Ƙasar Waje: Abin Yi Tun Daga Ranar da Takarda Ta Iso

"Yaya, sun ƙi ni." Da wannan ɗan ƙanwar mahaifiyata ya buɗe magana a waya, wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, ina gida a Kubwa shi kuma yana wani ƙaramin gari a Jamus. Na tambaye shi yaushe takardar ta zo. Ya ce yau kwana huɗu, ya cusa ta ƙarƙashin katifa, yana ta juya yadda Inna za ta ji a Jos. Kwana huɗu cikin sha huɗun da aka ba shi ya ɗaukaka ƙara sun tafi a kan kunya da zullumi. Da a ce irin takardar da ake ba wa mako ɗaya ce, da saura kwana uku kacal.

Ni ba lauya ba ne, kuma wannan rubutu ba zai tsaya wa kowa a gaban alƙali ba. Abin da na sani na koye shi ne wajen karanta irin waɗannan takardu, da sauraron lauyoyi a waya, da zirga-zirga tsakanin Abuja da Jos neman shaidu. Zan tsaya a kan Jamus da Birtaniya da Kanada, sannan a ƙarshe in taɓo wanda ya nemi mafaka a nan Najeriya. Masu 'yan'uwa a Saudiyya ko Libiya su sani bayanin bai shafe su ba, domin ƙasashen biyu ba su sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira ba, babu irin waɗannan matakan kotu a can.

Mataki na farko: nemo kwanan wata

Takardar ƙin amincewa ba tikitin jirgin gobe ba ce. Galibi tana zuwa da damar ɗaukaka ƙara, wato afil, kuma a mafi yawan lokuta ba a tasa ƙeyar mutum muddin afil ɗinsa na gaban kotu. Sai dai damar tana da wa'adi, wa'adin kuma gajere ne ƙwarai.

A Jamus hukumar kula da ƙaura da 'yan gudun hijira, wato BAMF, ce ke yanke hukunci. Takardarta kan zo cikin ambulan ruwan ɗorawa, ma'aikacin gidan waya ya rubuta ranar da ya kawo ta a jikin ambulan ɗin. Kada a yar da shi, daga wannan rana ake lissafi. Idan ƙi ne na yau da kullum, kana da mako 2 ka shigar da ƙara a kotun da ke sauraron ƙarar hukumomin gwamnati, da wata 1 ka kawo dalilanka. Idan kuwa ka ga an rubuta offensichtlich unbegründet, ma'ana an ce buƙatarka ba ta da tushe ko kaɗan, ko unzulässig, wanda sau da yawa yake nufin wata ƙasar Turai kamar Italiya ce ta fara ɗaukar zanen yatsunka, don haka ita ya kamata ta duba buƙatarka, to mako 1 ne. Kuma a nan ƙara ita kaɗai ba ta hana kora, sai an haɗa ta da roƙon gaggawa cikin wannan makon.

A Birtaniya kwana 14 ne, ana ƙirgawa daga ranar da Ma'aikatar Cikin Gida ta aiko da hukuncin, ba ranar da ka buɗe shi ba, ana kuma kai ƙarar kotun shige da fice ta matakin farko. Akwai tarko ga maza: wata doka ta 2002 ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake ɗauka ba a cika tsananta wa maza a cikinsu ba, don haka ma'aikatar na iya buga wa buƙatar namiji hatimin cewa ba ta da tushe. Wanda aka yi wa haka ba shi da afil, sai dai lauya ya roƙi kotu ta duba ko an bi doka wajen yanke hukuncin.

A Kanada kwana 15 ne daga ranar da ka karɓi rubutattun dalilan ƙi, ka miƙa sanarwar afil ga sashen ɗaukaka ƙara na hukumar 'yan gudun hijira, wanda ake kira RAD. Cikakken fayil yana biyo baya, shi ma da nasa wa'adin. Wasu ba su da hanyar RAD, misali wanda aka ce labarinsa ba shi da wani tushen da za a gaskata. Su Kotun Tarayya za su nufa, nan ma cikin kwana 15.

Dokokin nan suna sauyawa, saboda haka shafin ƙarshe na takardarka, inda aka faɗi kotun da za ka je da kwanakin da kake da su, shi ne abin bi, ko da ya saɓa wa abin da wani ya gaya maka ko abin da na rubuta a nan. Idan wa'adi ya ƙarato ba ka samu lauya ba, shigar da ƙarar da kanka, dalilai su biyo baya. A Jamus kana iya shiga kotun da ƙafarka, magatakarda ya rubuta maka ƙarar, kuma ba a biyan kuɗin kotu a shari'ar mafaka. A RAD ma ba a biya. Sannan duk lokacin da ka sauya masauki ka sanar da hukuma da kotu da lauya a rubuce. Takardar da aka aika tsohon adireshi ana ɗauka ta iso ka, kwanaki su yi ta tafiya kana barci.

Mataki na biyu: lauya na gaske

Da zarar labari ya fita a majalisa, masu "na san wani" za su fito. Wani zai ce a tura kuɗi a gyara fayil daga ciki, wani ya ce yana da marubucin da ke tsara labarin da ba ya faɗuwa. Duk damfara ce. Babu wanda ke zaune a Wuse ko Terminus da zai juya hukuncin alƙali a Toronto.

A Birtaniya laifi ne mutum ya ba da shawarar shige da fice ba tare da rajista ba, kuma ana iya duba sunan lauya ko mai ba da shawara a intanet kafin a ba shi ko sisi. Shari'ar mafaka tana cikin waɗanda gwamnati ke biya wa marar hali kuɗin lauya, ƙungiyar Migrant Help kuma tana nuna hanya. A Kanada larduna irin su Ontario suna da ofishin taimakon shari'a. Mai ba da shawara mai lasisi na iya tsaya maka a RAD, amma a Kotun Tarayya sai lauya. A Jamus ƙungiyoyin Caritas da Diakonie suna ba da shawara kyauta ba tare da tambayar addininka ba, kuma sun san lauyoyin da suka ƙware a harkar. Yawancin lauyoyin can suna karɓar biya kaɗan-kaɗan duk wata. Idan dangi za su yi karo-karo, nan ne wurin kashe kuɗin.

Ka gaya wa lauyanka komai, har abin da ka ɓoye a hirar farko. Ba a ɓoye wa mai wankan gawa tsiraici.

Mataki na uku: karanta dalilin ƙi layi-layi

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi sakaci. Afil ba maimaita labari ba ne da ƙarin hawaye. Amsa ce ga dalilan da aka rubuta, ɗaya bayan ɗaya. Ga 'yan Najeriya dalilan kusan kullum uku ne.

Na farko: ba a yarda da labarinka ba, an ce ka yi tufka da warwara. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa laifin na tsakanin Hausa da harshen jami'i ne. Bahaushe yana ce wa ɗan baffansa ƙanina, yana ce wa wan mahaifinsa baba. Ka ce an kashe ƙaninka, tafinta ya fassara shi da ɗan'uwa na ciki ɗaya. Can gaba aka tambaye ka ku nawa ne a wajen mahaifiyarku, ka ce kai kaɗai ne namiji. Shi ke nan, jami'i ya rubuta ya kama ka da ƙarya. Haka batun lokaci. Mu da "bayan babbar salla da 'yan kwanaki" da "kaka ta gabato" muke lissafi. Aka matsa maka ka faɗi rana da wata, ka yi kintace, a zama na gaba ka yi wani kintacen daban. Ga ranar haihuwa da ta bambanta tsakanin fasfo da takardar makaranta da takardar rantsuwar shekaru. Ga tafinta mai Hausar Kumasi ko ta Maraɗi, kai kuma Hausar Jos ce a bakinka mai surkin Turanci, kuna jin juna rabi da rabi amma kunya ta hana ka cewa ba ka gane ba. Mata kuwa abin ya fi yi musu nauyi: matar da aka yi wa fyaɗe ba za ta faɗa a gaban tafinta namiji, sa'ar mahaifinta, ba. Sai ta ce "sun wulaƙanta ni", a rubuta cewa an zage ta.

Maganin wannan shi ne a nemi rubutaccen bayanin hirar da aka yi da kai. A Jamus ana ba da shi a rubuce, a Birtaniya akwai rubutu da ɗaukar murya, a Kanada ana ɗaukar muryar zaman. Ka samu wanda ya iya harshen sosai ku zauna, ka raba takarda gida biyu, gefe ɗaya abin da aka rubuta, ɗaya gefen abin da ka faɗa ko kake nufi. Wannan za ka kai wa lauya ya mayar da shi rubutaccen jawabinka. Mace tana da damar neman a ba ta tafinta mace, kuma idan akwai abin da ba ta faɗa ba da farko, ta faɗe shi yanzu tare da dalilin da ya sa ta yi shiru. Rahoton likita kan tabo a jiki ko kan firgicin da ke rikita tunani yana da nauyi a nan.

Na biyu: an yarda abin ya faru, amma an ce bai shiga ma'anar ɗan gudun hijira ba. Yarjejeniyar 1951 dalilai biyar ta sani: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, da kasancewa cikin wani rukunin jama'a na musamman. Talauci da bashi da rashin aiki ba sa ciki, komai tsananinsu. Idan ba gwamnati kake tsoro ba, wasu mutane ne, sai ka nuna hukuma ba za ta iya kare ka ba ko ba ta so. Akwai kuma kariya ta biyu ga wanda bai shiga dalilan biyar ba amma komawarsa na nufin kisa ko azabtarwa. Ka tabbata lauya ya nemi duka biyun.

Na uku shi ne wanda ya fi kayar da mutanenmu, kuma ni da ke zaune a Abuja nakan yi murmushin takaici idan na karanta shi: an yarda Jos ko Barikin Ladi akwai haɗari a gare ka, amma Najeriya na da faɗi, ka koma Abuja ko Legas. Tambayoyi biyu alƙali ke yi. Shin waɗanda kake tsoro za su iya cim maka a can? Shin ya dace a ce ka je ka zauna a can, idan aka dubi halinka? Mutane sukan amsa da jero bala'o'in Abuja: bam na Nyanya a Afrilun 2014, harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris na 2022, fasa gidan yarin Kuje a Yulin 2022. Duk sun faru, alƙali ma ya sani, amma zai ce wannan haɗari ne da ke kan kowa, miliyoyin mutane kuma suna zaune a birnin. Abin da ke motsa shi shi ne abin da ya keɓanta da kai. Ka taɓa gudu zuwa Mararaba ko Suleja suka biyo ka? Mai neman ka ɗan sanda ne, ko mai hannu a gwamnati, ko danginka ne da ke da mutane a kowane gari? Ke mace ce da ƙananan yara, ba miji ba dangi, a garin da mai gida ke neman kuɗin hayar shekara guda a dunƙule? Akwai ciwon da maganinsa ya fi ƙarfinka? Takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, da yadda rashinta ke toshe aiki da gurbin karatu, ita ma abar ambato ce, ko da yake ita kaɗai ba ta isa ba. Hukumomin ƙasashen uku duk suna dogara da rahotanni a kan Najeriya waɗanda da yawansu ke intanet kyauta. Ka karanta wanda aka ambata a takardarka, don sau da yawa sakin layin da ke goyon bayanka yana nan kusa da wanda aka yi amfani da shi a kanka.

Mataki na huɗu: aikin 'yan'uwa a gida

Wanda ke can ba zai iya zuwa Jos ya buɗe fayil ba. Wannan aikinmu ne, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Rikice-rikicen Filato a rubuce suke: na Satumbar 2001, na Nuwambar 2008, na Janairu da Maris na 2010, bam na kasuwar Terminus a Mayun 2014, hare-haren Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023. Ba wanda ke musun aukuwarsu. Abin da ake nema shi ne zaren da ya ɗaure ɗan'uwanka da abin da ya faru. Idan an kwantar da shi a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, ko Jankwano ko Asibitin Ƙwararru na Filato, a nemo katinsa ko lambar fayil, a roƙi rahoton likita daga sashen adana bayanai. Idan an kai rahoto ofishin 'yan sanda a lokacin, a nemi kwafin abin da aka shigar a littafinsu ranar. Idan an je kotu, a karɓo kwafi mai hatimin kotu. Takardar shaidar mutuwa, hoton gidan da aka ƙone, takardar filin da ke nuna gidan nasu ne, duk a haɗa. Labarin jarida a neme shi daga ma'ajiyar jaridar kanta, kamar Aminiya da Daily Trust a nan Abuja, ko a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa.

Wasiƙar mai unguwa ko liman ko fasto tana da amfani idan an rubuta ta yadda ya kamata: ya faɗi ko shi wane ne, yadda ya san mutumin, abin da ya gani da idonsa da ranar da ya gani, ya sa lambar wayarsa da kwafin katin shaidarsa. Wasiƙar da ke cewa "yaron kirki ne, a taimaka masa don Allah" ba ta da wani tasiri. Takardar rantsuwa ta kotu ma haka, alƙalan can sun san yadda ake samunta cikin sauƙi, don haka bayanin da ke ciki ne ke ba ta daraja, ba hatimin ba. Saƙon barazana na WhatsApp a ɗauki hotonsa da lamba da kwanan wata a jiki, saƙon murya kuma a bar shi a wayar da ya shigo.

A fara tura hoton kowace takarda ga lauya nan take, sannan a aika ta asali ta DHL ko makamancinsa, shi kuma ya adana ambulan ɗin da rasit, don ana tambayar yadda takarda ta iso. Duk abin da ke cikin Hausa sai an fassara shi ta hannun mai fassarar da kotun ta yarda da shi. A Kanada RAD ba ta karɓar sabuwar hujja sai wadda ta taso bayan an ƙi ka, ko wadda ba yadda za a yi ka same ta a baya, saboda haka a rubuta tarihin wahalar da aka sha wajen nemo ta. A Jamus da Birtaniya kotu tana duban halin da ake ciki ranar zama, amma za a tambaye ka me ya sa sai yanzu.

Abu biyu zan ja kunne a kai. Kada a sayi takardar bogi, ko rahoton 'yan sanda ne ko shafin jaridar da aka dasa wa suna. Na ga fayil mai hujjoji na gaskiya da takarda ɗaya ta jabu ta rusa, wadda wani kawu ya saya da kyakkyawar niyya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma da zarar an kama ɗaya sauran ma sun zama abin zargi. Na biyu, idan hukuma ce yake tsoro, kada a je ana shelanta wa jami'ai cewa wane yana neman mafaka a waje. Shi ma kada ya je ofishin jakadancin Najeriya sabunta fasfo alhali shari'a na gudana sai da shawarar lauya, domin ana iya fassara hakan da cewa ya koma ƙarƙashin kariyar ƙasarsa. A kuma kula da abin da ake sakawa a Facebook.

Ranar zama

Ka je da wuri, ka sake karanta jawabinka daren jiya. Idan ba ka jin Hausar tafinta, faɗa tun a minti na farko. Abin da ba ka tuna ba ka ce ba ka tuna ba. A Kanada yawancin afil na RAD a kan takarda ake yanke shi ba tare da zama ba, don haka abin da aka rubuta shi ne bakinka.

Idan afil ya faɗi

Hanya tana ƙara ƙunci, amma ba ta toshe ba. Kotunan sama ba sa sake sauraron labari, kuskuren doka kawai suke dubawa.

A Birtaniya kana da kwana 14 ka nemi izinin zuwa kotun shige da fice ta sama. Idan duk afil ya ƙare, ana iya miƙa sababbin hujjoji a nemi a ɗauke su a matsayin sabuwar buƙata. Galibi mutum da kansa yake kaiwa, ofishin da aka fi sani yana Liverpool, kuma sai hujjar ta bambanta sosai da wadda aka riga aka duba. Wanda yake da mata ko 'ya'ya a ƙasar yana iya dogara da haƙƙin zaman iyali, musamman idan yaro ɗan ƙasa ne ko ya shekara 7 a can.

A Kanada kwana 15 ne zuwa Kotun Tarayya, wadda ba ta ba da mafaka da kanta, sai dai ta soke hukunci ta ce a sake dubawa. Akwai binciken haɗari kafin kora, PRRA, amma sai an shekara 1 da hukuncin ƙarshe, kuma hukumar kan iyaka ce ke sanar da kai lokacin da ka cancanta. Akwai neman zama bisa jinƙai, shi ma da jiran wata 12, sai fa idan akwai maslahar yaro ko ciwon da ke barazana ga rai. A lura, wannan roƙon jinƙai ba ya tsayar da kora.

A Jamus ana iya sake neman mafaka idan sabon abu ya taso. Wanda ba a iya korarsa ba tukuna ana ba shi Duldung, takardar da ke cewa an jingine kora, ba izinin zama ba ce. Amma daga cikinta ƙofofi ke buɗewa. Wanda ya shiga koyon sana'a na aƙalla shekara 2 ana iya barinsa ya gama, sannan a ba shi izinin zama na shekara 2 ya yi aiki da sana'ar. Wanda ya daɗe, shekara 6, ko 4 idan yana da ƙananan yara, yana jin Jamusanci yana ciyar da kansa, yana iya neman izinin zama. Kowace jiha kuma tana da kwamitin duba matsananciyar larura. Dukansu suna buƙatar a tabbatar da ko kai wane ne, don haka bayan shari'a ta ƙare batun fasfo yana juyawa: yanzu wajibi ne ka ba da haɗin kai wajen nemo shi, ƙin yi na jawo a hana ka aiki. Ta ƙofar koyon sana'a ɗan'uwan nawa ya bi. Kotu ba ta ba shi mafaka ba, amma ya riga ya fara koyon aikin kula da tsofaffi tun shari'a na tafiya, shi ya tsayar da shi.

Haƙƙinka a wannan tsakani, da batun ɓuya

Sashe na 33 na yarjejeniyar 1951 ya hana mayar da ɗan gudun hijira inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari, yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 kuma ta hana mayar da kowa inda za a azabtar da shi. Kulawar asibiti ta gaggawa da makarantar yara ba sa tsayawa don an ƙi ku. A Birtaniya tallafin marar yara yana yankewa kwana 21 bayan ƙarewar afil, amma akwai wani tallafin, wanda ake kira na sashe na 4 a dokar ƙasar, ga wanda ba shi da komai kuma ya cika sharuɗɗa. Wanda aka tsare yana da damar kiran lauya da neman kotu ta duba tsarewar. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka gane ba. Wadda aka yi safararta aka tilasta mata aiki ko karuwanci ta faɗa wa lauya, don tana da kariya ta daban.

Za a ba ka shawarar ka ɓace. Ban goyi baya ba. Mai ɓuya yana rasa tallafi da izinin aiki, takardun kotu su wuce shi, ƙararsa ta mutu, ya faɗa hannun masu sa shi aiki ba biya. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Dawowa da ƙafarka

Wani lauyan kirki zai ce maka babu sauran hanya. Idan gida ba haɗari ba ne a gare ka, dawowa da kai ta fi a rako ka da ankwa. Birtaniya na ba wanda ya cancanta tallafin da ya kai fam 3,000, kuma haramcin sake shiga ƙasar ya fi gajarta, wanda aka kora da ƙarfi kuwa shekara 10 ne. A Kanada wanda bai fita cikin kwana 30 da fara aikin umarnin fita ba, umarnin yana rikiɗa ya zama na kora, ba zai sake shiga ba har abada sai da izini na musamman. Jamus na da shirin REAG/GARP mai biyan kuɗin jirgi da ɗan jari. A nan Abuja akwai ofishin hukumar ƙaura ta duniya, IOM, da cibiyar da Jamus ta kafa tare da Ma'aikatar Ƙwadago don taimaka wa waɗanda suka dawo da horo da neman aiki. A nemi tallafin tun ana can, kafin a hau jirgi. Mu kuma na gida mu rage gori. Tsoron "ya dawo hannu rabbana" ya sa da yawa sun zaɓi kwanan tasha a ƙasar sanyi.

Wanda ya nemi mafaka a Najeriya

Mu ma masu masauki ne, akwai 'yan Kamaru da Nijar da Sudan da wasunsu a cikinmu. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa, NCFRMI, mai hedikwata a Abuja, ita ke da alhakin buƙatunsu. Wani kwamiti ne ke tantancewa, wanda aka ƙi kuma yana da damar kai kuka ga kwamitin ɗaukaka ƙara, tsohuwar dokar 1989 da ta fara kafa hukumar kwana 30 ta bayar a lokacinta. Najeriya ta kuma sa hannu a yarjejeniyar Afirka ta 1969, wadda ta fi ta 1951 faɗi, domin ta haɗa da wanda ya gudo saboda mamaya ko rikicin da ya dagula zaman lafiyar jama'a a ƙasarsa ko wani yankinta, ko da ba shi aka nufa ba. Wanda aka ƙi ya duba ko an auna buƙatarsa da wannan ma'aunin. Ya nemi dalilan ƙi a rubuce, ya miƙa afil ɗinsa a rubuce, a buga masa hatimin karɓa a kwafinsa. Ofishin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, a Abuja, da Hukumar Taimakon Shari'a, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Maitama, duk ana shiga ba tare da biyan kuɗi ba. Ya riƙa yawo da takardar shaidar neman mafakarsa, ya kuma je a sabunta ta kafin ranar da aka rubuta a jikinta ta wuce.